Misbahu Ba Ya Riƙe Kwanon Mutane

In ka taɓa shiga mota a tashar Ƙaura Namoda za ka bi hanyar Zurmi, wataƙila ka ga wani siririn mutum a gindin dalbejiya yana gyaran tocila da rediyo da hannun hagu, na daman yana kwance a kan cinya. Sunansa Misbahu. Taubashina ne, uwarsa Gwaggo Kulsumu ƙanwar mahaifina ce, saboda haka tun muna yawo ba wando nake da izinin zaginsa, kuma ban taɓa barin izinin nan ya yi tsatsa ba. Ni sunana Kamalu, direba ne, ina jigila tsakanin Ƙaura da ƙauyukanmu. In ka tambayi mutanen garinmu wane ne Misbahu, za su rage murya su ce maka infoma ne, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Ƙarya suke yi, kuma sun san ƙarya suke yi. Abin da ya zaunar da ni rubutu ke nan, ni da ko takardar mota ba na son cikewa.

Garin namu yana gaba da Moriki, daidai inda gonakin dawa suke ƙarewa daji ya fara. Ba zan kira sunansa ba, domin har yanzu ina bin hanyar, kuma ina da iyali.

Gwaggo Kulsumu mace ce mai doka guda wadda ba ta lanƙwasuwa. In maƙwabta suka aiko da tuwo ko fura, kwanon ba zai kwana a gidanta ba. A wanke shi, a kife shi ya tsane, a mayar wa masu shi kafin rana ta faɗi, in da hali a jefa 'yar gyaɗa a ciki don kada ya koma haka nan. Kowane gida ana yin haka, amma ita ta ɗauke shi kamar farilla, shi kuma ɗan nata ya zo ya ƙara da nafila. Muna samari ya taɓa sayen lemon kwalba ranar kasuwar Moriki, mota ta tashi bai shanye ba, ya taho da kwalbar gida. Washegari ya taka da ƙafa ya mayar. Mai shagon ma ya manta da shi, sai da ya yi ta bayani. Na yi shekaru ina cin abinci da labarin nan a duk majalisar da muka zauna, shi kuwa ko a jikinsa. Sai dai ya ce, "Ai ba tawa ta ba."

Noma bai karɓe shi ba. In ya kama kunya sai ta tafi tana karkacewa, har mahaifinsa ya gaji da faɗa. Amma ka miƙa masa abu mai waya a ciki ka ga ikon Allah. Ya yi zaman koyon gyara a Ƙaura, ya dawo da talabijin, da faifan nan da ake kafawa a kan rufi yana kamo tashoshi, da wata 'yar janareta mai tari kamar tsohon mashayi. Ya yi rumfar kwano a jikin zauren gidansu, ya kewaye da zana, ya jera bencina. Shi ne gidan kallon ƙwallo na farko a garinmu, kuma shi ne na ƙarshe.

Abin dariyar shi ne mutumin nan ba ya son ƙwallo. Wallahi har yau bai san abin da ke sa alƙalin wasa ya hura usur ba. Samari na ihu suna tsalle a kan bencinansa, shi yana waje ya juya wa talabijin baya, ya kasa kunne yana sauraron numfashin janareta. Da wannan sana'a ya auri Zulaihat, ya riƙe Gwaggo bayan rasuwar mahaifinsa, ya gyara katangar gida.

Sai daji ya lalace. Ba sai na ba ɗan Zamfara wannan labari ba. Aka kwashe shanu, aka fara ɗaukar mutane a gona, gonakin da ke nesa da gari suka koma ciyawa. Ƙungiyar da ke riƙe da dajin bayanmu ba ta ƙone garin ba, amma ba mai zuwa gona sai ya yi sallama da iyalinsa kamar mai tafiya Makka. Hukuma ta tsananta a kan sayar da mai a jarka don kada ya kai gare su. Su dai ba su rasa ba, mu ne muka rasa. Misbahu ya koma kunna janareta sai ranar babban wasa, da ɗan abin da ya samu.

A haka gasar cin kofin duniya ta Ƙatar ta same mu, tsakiyar kaka, dawa ta nuna ta sunkuyar da kai tana jiran wuƙa, ba mai ƙarfin halin zuwa ya yanka. Najeriya ma ba ta samu zuwa gasar ba, amma samari suka matsa wa Misbahu sai ya nuna.

Ranar da Saudiyya ta kara da Ajantina, da hantsi, ana cikin kallo sai aka ji babura. Kafin ka ce me, 'yan kallo sun keta zana sun watse, wasu ko takalmi ba su ɗauka ba. Misbahu ne kawai bai gudu ba, kuma kada ka ce jarumta ce, shi da kansa ya gaya mini ƙafafunsa ne suka ƙi. Suka shigo da bindigogi a rataye. Babbansu, wani mai kaurin wuya da ba ya ɗaga murya, ya dube shi ya ce, "Zamna, mai gida. Kallo munka zo."

Suka zauna a bencin da mutane suka bari da ɗumi. Ana zuwa hutun rabin lokaci janareta ta yi tari ta mutu. Misbahu ya ce a ransa shi ma tasa ta ƙare. Ya ce musu mai ne babu. Babban nasu bai yi fushi ba, ya tura biyu a kan babur, ba a jima ba suka dawo da jarka ruwan ɗorawa cike da fetur. Saudiyya ta ci wasan, suka fito suna harbin sama don murna, mata a cikin gidaje suna ta salati sun rungume 'ya'ya. Da za su tafi, babban ya ce, "Gobe ma muna nan."

Da yamma na shigo gari na tarar da shi a kan rufi yana kwance faifan. Ya ce tsohuwar rijiya zai jefa shi, ya ce musu iska ta karya. Na ce masa karon farko ke nan da na ga ya yi tunanin mai hankali, na kama masa muka sauke.

Washegari da aka sallame sallar asuba, muna fitowa, Alhaji Maiwada ya riƙe masa hannu a ƙofar masallaci. Alhaji Maiwada shi ne ya fi kowa gona a garinmu, kuma in ya yi magana maigari ma sai ya gyara zama. Dattawa suka kewaye mu. Ina tsaye a wurin, da kunnena na ji, ba wani ya ba ni labari ba.

"Misbahu," in ji Alhaji, "jiya da mutanen ga sunka zamna kallo, ɗiyana sun yi ƙundumbala sun yanke gonar bakin rahi. Ba wanda yat tanka musu. Dajin wayam. Ka gane abin da ni ka nuhi?"

Misbahu ya ce, "Alhaji, tsoro ni ka ji. Ba ni iyawa."

"Kowa na jin tsoro. Amma in ba a yanke dawar ga ba, yunwa za ta kashe wanda bindiga tab bari. Mai da abin ga bisa. Riƙe muna su wata guda."

"In anka ce ina hulɗa da su hwa?"

Alhaji ya juya ya dubi dattawa, suka gyaɗa kai ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Mu munka sa ka. Ko gaban wa, mu munka sa ka. In mun gama namu kau, gayya za mu yi ma taka gonar."

Ni na mayar da faifan kan rufi tare da shi. Ban ji daɗi ba, na kuma faɗa masa, amma ni ma ina da ƙanne da gonarsu ke bakin daji.

Watan da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Manoman da ba su taɓa kallon ƙwallo ba suka haddace lokutan wasa. Tsoho zai tare ka a hanya ya ce, "Yau ƙarhe nawa aka bugawa?" Da an ji baburan sun tsaya a ƙofar Misbahu, sai gari ya zube gona, maza da wuƙaƙe, mata da kwanduna, amalanke da jakuna suna kai da kawowa. Da aka kai zagayen da ba a tashi canjaras, har addu'a tsofaffin mata suke yi kada kowa ya ci da wuri, domin sun ji an ce in an yi kunnen doki ana ƙara lokaci. Ranar da babu wasa kuwa ko akuya ba a kora bayan gari. Mutane can wata duniya suna guje-guje a kan ciyawa, ba su san da zamanmu ba, amma su ke yanke mana ranar fita da ranar zama.

Shi kuwa Misbahu yana tsugune a gindin janareta, bayansa na kallon bakin bindigogi. Abinci ya daina shiga cikinsa. Zulaihat ta ce ko ya kwanta sai ya zabura yana cewa mai ya ƙare. In hoto ya ɗauke na ɗan lokaci, sai rumfar ta yi tsit, ya ji ana gyara zaman bindiga a kan cinya, ya hau rufi yana juya faifai yana karanta duk addu'ar da ya iya. Ya ce abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne yadda suke gardama da dariya kamar kowane saurayi. Wasu ma ya gane su, ya sha ganinsu a kasuwar shanu shekarun baya. Duka suka koma bayan Maroko, suna cewa ta musulmi ce, su da suka hana musulmi sallar Juma'a a garuruwa da yawa. Ranar da aka fitar da ita, rufin kwanon ne ya sha harsashi, shi yana kwance a ƙasa ya rufe kai.

Wata rana da ba wasa na ɗauke shi zuwa Ƙaura sayen waya. A rediyon mota ana ta muhawara a kan leburorin da aka kwaso daga ƙasashen talakawa suka gina filayen gasar, yadda wasu suka mutu a cikin zafin rana, yadda wasu suka rasa hanyar komawa gida. Wani na cewa suna da yawa, wani na cewa ba su kai haka ba. Muna wuce gada Misbahu ya ce, "Ashe abin ga ya ci mutane tun ba a hwara ba."

Na ce, "Kai dai yi ta kanka, malam mai tausayin Larabawa."

Ya ce, "Ba Larabawa na ba. Irinmu na."

To, ga inda halin gidansu ya shigo. Duk zuwan da mutanen za su yi da jarkarsu suke zuwa, in man ya ƙare su bar ta nan su yi gaba. Wani zai yar, wani zai sayar, wani zai ƙone. Ɗan Gwaggo Kulsumu kuwa sai ya ɗauraye kowace da toka da ruwa, ya kife ta ta tsane, ya zura igiya a hannuwansu ya jingine a kusurwar zaure. Ranar wasan ƙarshe, da suka fito za su hau babura, ya jawo igiyar ya ce, "Ga kayanku." Babban nasu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Aje muna, mai gida. Mu ka zuwa."

Ba su dawo ba. Gasar ta ƙare, daji ya koma yadda yake. Rumbunan garinmu suka cika irin cikar da aka yi shekaru ba a gani ba. Gonar Misbahu ce ta rage a tsaye, domin an bar gayyarta sai ƙarshe, da ƙarshen ya zo kuma ba mai riƙe mutanen daji a benci. Aka yi ta cewa gobe, jibi, har aka kora shanu ciki suka cinye.

Na same shi a zaure na nuna jarkokin da ƙafa. Na ce, "Kai, sakarai, ƙone tsiyar ga. Ko ka ba ni in zubar cikin rahi."

Ya ce, "Ba nawa na ba. Ajiya anka ba ni."

"Ajiyar ɓarayi?"

"Ko ta wa. In sunka zo sunka tambaya, mi za ni ce? In ce na ƙone?"

Na zage shi tas, zagin gaske ba na wasa ba. Gaskiya akwai tsoro a cikin maganarsa, kuma tsoron yana da dalili. Amma na san shi, ko da ba tsoro ba zai iya ba. Hannunsa ba ya ɗaukar abin wani ya jefa a wuta.

Bayan sabuwar shekara aka tare motar 'yan kasuwa a hanyar Shinkafi, aka kashe mutane. Cikin waɗanda aka kashe akwai ƙanin Shehu, shugaban 'yan sa-kai na yankinmu, wato samarin da suka ɗauki bindigar toka da adda suna tsaron garuruwa. Ba na zagin Shehu a kan baƙin cikinsa, na san ƙanin nasa, na sha ɗaukarsa a mota. Amma baƙin ciki in ya riƙe makami ba ya tsayawa tambaya. Wani ya raɗa wa Shehu cewa akwai gidan da mutanen daji suka yi wata suna shiga da fita.

Na shigo gari da azahar na ga taro a ƙofar gidan Gwaggo. 'Yan sa-kai sun ɗaure Misbahu a jikin turken rumfa, riga a yage, baki na jini. An zube jarkokin a gabansa, a wanke tsaf, a jere a igiya. Duk wanda bai san shi ba ya ga wannan, zai rantse mai safarar fetur ne ya shirya kaya zai kai daji.

Shehu yana cewa, "Na wa na?"

Misbahu, da yake ba a koya masa ƙarya ba, ya ce, "Nasu na. Jira ni kai su zo su amsa."

Na kutsa ina ihu, na ce su suke kawo man ba shi ke kai musu ba, na ce dattawan gari ne suka roƙe shi a ƙofar masallaci. Wani ya tokare ni da gindin bindiga a ƙirji. Shehu ya ce, "Kai ɗan'uwa nai na, kuma direba. Ku ka kai musu kaya. Yi kurum ko a haɗa da kai."

Amma zan faɗi gaskiyarsa, Shehu ya ba da dama. Ya juya ya fuskanci taron, kusan duk mazan garin suna wurin. Ya ɗaga murya ya ce, "Kun ji abin da direba yac ce. In da wanda yas sa shi, shi hito shi hwaɗa. Mutum guda ni ka so, wanda ba dangi nai ba."

Na dubi Alhaji Maiwada. Yana tsaye a gaba-gaba, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Na dubi dattawan da suka gyaɗa kai ranar nan ɗaya bayan ɗaya. Wannan yana gyara hula, wancan yana kallon takalminsa. Mutanen da tuwon da ke cikinsu a wannan rana daga dawar watan nan aka tuƙa shi, suka yi gum. Na san lissafin da suke yi. Duk wanda ya ce shi ya sa, ya amsa cewa gari ya yi shiri da mutanen daji, kuma shi za a ɗaure a turke na gaba. Na gane tsoronsu sarai. Ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe.

Shehu ya ce, "To, kun gani."

Sai ga Gwaggo Kulsumu ta fito daga zaure, ba mayafi, ba ɗankwali, furfura a waje, tana dogara sanda. Ni ɗan ɗan'uwanta ban taɓa ganin kanta a buɗe ba sai ranar. Maza suka kawar da ido. Ta tako har gaban ɗanta ta zauna a ƙasa ta jingina bayanta da shi.

Ta ce, "Ni nik koya mai. Ni nic ce kada shi riƙe kwanon mutane, tun shina ƙarami. In laihi na, nawa na. Ku hwara da ni."

Shehu ya daɗe yana kallonta. Bai iya ɗaga hannu a kan tsohuwa ba, kuma bai iya juyawa gaban yaransa hannu wofi ba. Ya sa aka kwance hannun daman Misbahu aka ɗora a kan benci. Ba zan bayyana abin da aka yi da gindin bindiga ba. Ya ce kada rana ta faɗi ta same shi a garin. Suka cinna wa jarkokin wuta tare da talabijin da rumfar.

A motata na kwashe su, shi da Gwaggo da Zulaihat da 'ya'yansu, da ɗan abin da hannu ya iya ɗauka. Muna fita gari ba wanda ya ce Allah ya kiyaye hanya.

A Ƙaura an ɗora hannun, amma yatsun ba su sake lanƙwasuwa ba. Sunan kuma ya riga mu isa. Ɗakin farko da suka kama, mai gidan ya ji labari a kasuwa ya ce su tashi. Na biyu ma haka. Masu shagon gyara da ya yi koyo tare da su suna gaisawa da shi daga nesa. Sai da shugaban tasharmu ya tsaya masa, shi ma don ina binsa ina masifa kullum, sannan aka bar shi ya ajiye tebur a gindin dalbejiya. Ya koya wa hannun hagu riƙe sukurudireba. Na ce masa ai da ma na daman bai taɓa tsinana komai a gona ba, ya yi murmushi, amma wasan bai yi mini daɗi a baki ba.

Gwaggo ta rasu da daminar da ta biyo. Ta roƙi a kai ta gida kusa da mijinta, ba a samu hali ba, a Ƙaura aka binne ta. Daga garinmu mutum bai zo gaisuwa ba.

Wani lokaci nakan tuna muhawarar nan ta rediyo. Leburorin can aƙalla sun samu masu gardama a kan adadinsu. Misbahu ba ya neman a yi gardama a kansa a rediyo, ba ya neman diyya, ko gonarsa bai taɓa tambaya ba. Abin da yake jira shi ne mutum guda daga garinmu, wanda ba danginsa ba, ya tsaya gaban jama'a ya ce mu muka sa shi. Yana da 'ya'ya mata da za su girma, kuma ya san ba mai aiko da goro gidan infoma. Yanzu da aka fara zancen wata gasar, wani mai sabon gidan kallo a Ƙaura ya nemi ya kafa masa faifai. Ya kafa da hannu ɗaya, ya saita, hoton fili na fitowa ya tattara kayansa ya fita bai waiwaya ba.

Kakar da ta wuce na yi lodi a garinmu na iso Ƙaura, fasinja kowa ya ɗauki kayansa, sai buhu guda na dawa ya rage a bayan mota. Na buga wa ɗan kamashon da ya yi lodin waya. Ya ce, "An ce ka kai ma taubashinka." Na ce wa ya ce? Ya ce shi bai ga fuska ba. Ban matsa masa ba, domin bakin buhun ɗinkin jan zare ne, kuma gida ɗaya ne a garinmu yake ɗinke buhu da jan zare, gidan Alhaji Maiwada.

Na kai musu. Ranar ko garin kunu babu a ɗakin, Zulaihat ta ga buhun ta fashe da kuka. Na ɗauka Misbahu zai ce in mayar, na ma shirya faɗan da zan yi da shi. Bai ce ba. Ya sa ta juye dawar a roba da tukwane. Ya kakkaɓe buhun, ya wanke shi, ya shanya a kan katanga. Washegari ya zo tasha da shi a ninke, ya jefa 'yar gyaɗa a ciki.

Ya ce, "Mai da ma mai shi."

Na ce, "Kai har yanzu ba ka warke ba? Mai shi bai hwaɗi suna nai ba."

Ya ce, "Tambaya gaban mutane. Wanda ad da abu ai shi ka amsa."

Ranar Juma'a na tsaya a ƙofar masallacin garinmu, daidai inda aka riƙe masa hannu. Ana fitowa na warware buhun na ɗaga shi sama, jan zaren na reto kowa na gani. Na ce, "Jama'a, wa ad da buhun ga? Misbahu ya gode, ya ce a mai da ma mai shi."

Mutane suka yi ta neman takalmansu. Na sake faɗa da ƙarfi har muryata ta dushe. Alhaji Maiwada ya fito, ya tsufa sosai, yana dogara sanda. Ya tsaya a gabana, ya dubi buhun, na ga leɓensa na motsi, hannunsa ya ɗan ɗago daga kan sandar. Wallahi na ɗauka zai karɓa. Sai ya ce, "Allah shi kai ka lahiya, Kamalu," ya wuce.

Buhun yana ƙarƙashin kujerata har yau, gyaɗar da ke ciki ƙwari sun cinye ta. Na ce wa Misbahu zan yar, ya ce ba nawa ba ne. Kullum na shigo tasha na kashe mota, yakan taso daga gindin dalbejiya ya zo bakin taga. Kafin ya amsa sallamata, sai ya leƙa ƙarƙashin kujerar tukuna.